Turmina ya yi kogo, amma ko ƙofar likitan haƙori na tuna sai gabana ya faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni matar aure ce, shekarata 34. Turmina na sama, ɓangaren hagu, ya yi kogo fiye da shekara guda. Da yana hana ni barci, ina ta shan magani daga kemis ina cusa kanumfari. Yanzu ciwon ya lafa, sai dai wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi, yana fashewa yana dawowa. Maigidana ya yi ta fama in je asibiti na kasa. Ina 'yar shekara 12 an cire min haƙorin ƙasa, kumatuna a kumbure, an yi allura amma na ji komai, mutum biyu ne suka danne ni. Kuma surukata ta ce cire haƙorin sama yana taɓa ido. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara sauƙi.

Tsoronki yana da tushe, ba ragwanta ba ce kuma ba ƙarancin tawakkali ba ne. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Yarinyar da aka danne aka cire mata haƙori tana ihu, jikinta ba ya mantawa ko da ita ta yi ƙoƙarin mantawa. Mu da muke wannan aiki muna ganin magidanta masu gemu suna zufa tun kafin a kwantar da kujera, don haka babu abin kunya a nan.

Amma bari in fara da abin da ya fi damuna a saƙonki, wato lafawar ciwon. Wannan ba waraka ba ce. Haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje wanda babu jijiya a cikinsa, sai wani ɓangare a ƙarƙashinsa mai jin sanyi da zaƙi, sai can tsakiya inda jijiya da hanyoyin jini suke. Lokacin da yake hana ki barci, ruɓar ce ta isa tsakiyar, jijiyar ta kumbura a cikin wurin da ba shi da sararin buɗewa. Da ciwon ya yi shiru, mafi yawan zato jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar kuwa suna nan, sun bi saiwar haƙorin sun tara mugunya a ƙashi, mugunyar ta huda wa kanta hanya ta dasashi. Ƙurjin da kike gani ke nan. Muddin yana fashewa yana zubarwa ba za ki ji zafi sosai ba. Ranar da hanyar ta toshe, ranar fuska za ta kumbura. Amoksisilin da Flagyl na kemis suna iya kwantar da kumburi na ɗan lokaci, amma ba sa shiga cikin mataccen haƙori domin jini ya daina zuwa can, shi ya sa abin yake dawowa duk bayan 'yan watanni.

Yanzu ga abin da ya faru da ke kina yarinya, domin in kin gane shi rabin tsoron zai ragu. Kin ce kumatunki a kumbure suke, kuma haƙorin ƙasa ne. Abu biyu suka haɗu miki a rana ɗaya. Na farko, allurar kashe zafi ba ta kamawa da kyau a naman da ya kumbura ya tara mugunya. Wurin yakan yi tsami fiye da lafiyayyen nama, maganin kuwa a cikin tsami ba ya iya ratsa jijiya yadda ya kamata, sannan jijiyar da ta daɗe tana ciwo takan ƙara saurin jin zafi. Na biyu, ƙashin muƙamuƙin ƙasa yana da kauri, maganin ba ya ratsa shi a kusa da turmi. Dole sai an je can baya an nemo babbar jijiyar da ke shiga muƙamuƙin, ba tare da ana ganinta ba, kuma ko a hannun ƙwararre wani lokacin sai an ƙara ta biyu. Abin da ya dace a yi miki a lokacin shi ne a tsaya da kika yi ƙara, a ƙara allura, ko a fitar da mugunyar a ba ki magani ki dawo bayan kumburin ya sauka. Ba a yi haka ba, aka danne ki. Wannan kuskuren masu aikin ne, ba haka aikin yake ba.

Halin da kike ciki yau kishiyar wancan ne. Haƙorin na sama ne, ƙashin sama kuwa yana da ƙananan kafofi, maganin yana ratsa shi cikin minti 2 zuwa 3 idan an sa shi a dasashi kusa da saiwar. Fuskarki ba ta kumbura ba, mugunyar tana samun hanyar fita. A taƙaice, yanzu ne lokacin da allurar za ta fi kama ki. Idan kika jira har ciwo ya kora ki asibiti da tsakar dare fuska a haɗe, kin mayar da kanki irin ranar da kike gudu. Yawancin labaran ban tsoro da ake bayarwa a gidajen suna da na biki daga waɗanda suka je a makare suke fitowa. Wadda aka cike wa ƙaramin kogo cikin minti 20 ba ta da labarin bayarwa, shi ya sa ba kya jin nata.

Ita allurar kanta, ga yadda take. Siririya ce ƙwarai, ta fi wadda ake ɗibar jini da ita siranta nesa ba kusa ba, maganin kuma kimanin mililita 2 ne. Sirinjin ƙarfen da ake riƙe ta da shi ne yake da ban tsoro a ido, don haka ki rufe idonki tun kafin a ɗauko shi, babu wanda zai ce miki don me. Wurare da yawa suna da wani man da ake shafawa a dasashi minti ɗaya ko biyu kafin allurar don ya kashe saman, ki tambaya ko akwai. Zafin da mutane suke ji yawanci ba na hudawar ba ne, na tura ruwan maganin da sauri ne. Likitan da ya tura a hankali, abin da za ki ji bai wuce ɗan tsunkuli da nauyi ba. Ba zan ɓoye miki ba, idan cirewa za a yi, akwai wata 'yar ƙarama da ake yi ta ciki, a ganɗa. Ita tana da ɗan zafi domin naman wurin a manne yake da ƙashi, amma daƙiƙu kaɗan ne.

Akwai wani abu da ba a cika gaya wa marasa lafiya ba, kuma yana firgita su. Maganin da aka fi amfani da shi, lidokain, ana haɗa shi da ɗan adirenalin don ya matse hanyoyin jini, maganin ya daɗe a wurin, jini kuma ya ragu. Wasu mutane sukan ji zuciya tana bugawa da sauri hannu yana rawa na 'yan mintuna bayan allurar. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba ko mutuwa ce ta zo. Yakan wuce da kansa. Ki faɗa wa likita idan kin ji, amma kada ki ɗauka wani mugun abu ne.

Sannan ki san bambancin zafi da dannawa. Allurar tana kashe zafi, ba ta kashe jin turi da girgiza. Za ki ji ana tura haƙorin gefe da gefe, za ki ji ƙara a cikin kanki domin ƙashi yana kai sauti kai-tsaye zuwa kunne, wani lokacin har ɗan ƙas. Mai tsoro yakan fassara duk wannan a matsayin ciwo. Ki tambayi kanki a lokacin: abin nan yana suka ne, ko nauyi ne kawai? Idan nauyi ne, aiki yana tafiya daidai. Idan suka ne, a tsaya a ƙara magani. Kafin a fara ma likita zai gwada dasashin da wani ƙarfe mai tsini ya tambaye ki. Kada ki ce ba kya ji don kunya ko don kada ki ɓata masa lokaci. Wannan kawaicin namu yana da kyau a gida, amma a kan kujerar nan cutar kai ne.

Abin sha'awa, likitocin haƙori ne suka buɗe wa duniya ƙofar yin aiki ba tare da ciwo ba. Horace Wells a Amurka ya fara amfani da iskar nan mai sa dariya wajen cire haƙori a 1844, William Morton kuma ya nuna aikin wani sinadari mai sa barci da ake kira ether a gaban likitoci a birnin Boston a 1846. Lidokain ɗin da za a yi miki an haɗa shi ne a Suwidin a 1943. Sana'ar da mutane suka fi tsoro saboda ciwo ta daɗe tana yaƙi da shi.

A ganina dai, ba ciwon ne ainihin abin da kike tsoro ba. Kin haihu ko kin ga haihuwa, kin kwana da ciwon haƙori wata da watanni, kin san ciwo. Abin da ya zauna miki a rai shi ne a kwantar da ke, baki a buɗe, ba ki da ikon magana, wani yana yin abin da ya ga dama. Maganin wannan shi ne ki karɓi ikon tun daga farko.

Ki sa zuwan farko ya zama na dubawa kawai. Ki yanki kati, ki shiga, kafin ki hau kujera ki ce: "Likita, ina da tsoro sosai, an taɓa cire min haƙori allura ba ta kama ba. Yau dubawa kawai nake so a yi, a gaya min abin da za a yi." A ranar madubi ɗan ƙarami za a sa a bakinki, a ɗauki hoton haƙorin, a yi miki bayani, ki koma gida. Kin ga ɗakin, kin ji warinsa, kin hau kujerar kin sauka babu abin da ya same ki. Zuwa na biyu ba zai yi nauyin na farko ba. Masu ilimin halayyar ɗan'adam da wannan hanyar suke magance tsoro iri-iri, a tunkari abin kaɗan-kaɗan maimakon a guje masa, domin kowace gudu ƙara masa girma take yi.

A wannan zaman ne kuma za ki auna likitan. Ku yi yarjejeniya cewa idan kika ɗaga hannun hagu zai tsaya nan take. Hagu, saboda yawancin likitoci ta damanki suke zama, kada ki buge masa hannu yana riƙe da kayan aiki. Ki gwada alamar tun da wuri, ko da babu abin da ya dame ki, don zuciyarki ta tabbatar ana tsayawa. Ki faɗa masa ko ke mai son a riƙa gaya miki kowane mataki ce, ko mai son a yi shiru a gama, domin mutane sun bambanta a nan. Idan kika ga ya yi miki dariyar raini, ko ya ce "haba Hajiya, kamar yarinya", ko ya hau faɗa don me kika bari haƙorin ya lalace, ki yi godiya ki nemi wani. A cikinmu akwai masu gaggawa, musamman inda layi ya yi tsawo, ba zan kare su ba. Idan za ki fi sakewa a hannun mace, ki nema, yanzu akwai likitocin haƙori mata da dama, musamman a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. Idan namiji ne, haƙƙinki ne ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin.

Ranar aikin ki karya kumallo sosai. Masu suma a kan kujera galibi waɗanda suka zo da yunwa da fargaba ne, don haka kada ki haɗa shi da azumin nafila ko na ramuwa. Ki nemi a sa ki da sassafe, don zaman jira yana ciyar da tsoro, ballantana idan kina jin ƙarar inji ta bayan ƙofa. Idan layin ya yi tsawo ki gaya wa ma'aikaciyar kina waje, a kira ki in an zo kanki. Ki tafi da mutum mai natsuwa, ba mai labarin wance da aka cire wa haƙori ta kwana uku tana zubar da jini ba. Ki sa abin sauraro a kunne, karatun Alƙur'ani ko duk abin da yake kwantar miki da hankali. Numfashi kuma ta hanci, ki ja a hankali kina ƙirga huɗu, ki saki kina ƙirga shida ko fiye. Sakin da ya fi jan tsawo yana rage bugun zuciya, kuma numfashi ta hanci yana rage yunƙurin amai idan an taɓa can cikin baki. Mai tsoro yakan riƙe numfashi ya ƙanƙame kujera bai sani ba. Duk lokacin da kika tuna, ki saki kafaɗunki, ki motsa yatsun ƙafa.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, a yi mata uzuri, magana ce da ta yaɗu ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. Jijiyar gani daban take da jijiyoyin haƙora, cire haƙorin sama ba ya rage gani kuma ba ya makantarwa. Abin da yake iya kaiwa ga ido shi ne barin ruɓaɓɓen haƙorin. Mugunyar haƙoran sama tana iya hawa kumatu har ta rufe fatar ido, a wasu lokuta ƙalilan ta shiga kewayen idon kansa. Ta haƙoran ƙasa kuma tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ta toshe numfashi. Ina zaton daga irin waɗannan ne maganar ta samo asali: mutum ya je a makare, aka cire, ido ya riga ya kumbura, sai aka ɗora wa cirewar laifi. Saboda haka, idan kafin ki shirya kika ga fuska ta kumbura har ido, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ko numfashi ya yi wuya, babu sauran maganar zuwan farko da na biyu. Asibiti a ranar, ko da dare ne.

Kuma ba lallai ne a cire ba. Idan jikin haƙorin da saura, ana iya buɗe shi a wanke ramukan saiwar da matacciyar jijiyar take, a cike su, daga baya a sa masa hula. Yakan ɗauki zuwa biyu ko uku kuma ya fi cirewa tsada, amma haƙorinki ne ya zauna. Hoton ne zai nuna. Ki tambayi kuɗin kowanne tun a zaman farko, don na lura fargabar kuɗi takan ɓuya a bayan tsoron allura, mutum ya kasa rarrabe su.

Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne ki kai bakinki ga masu cire haƙori a kasuwa ko masu cewa suna fitar da tsutsa. Babu tsutsa a haƙori, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke sarrafa sukari su mayar da shi tsami ya ci haƙorin. Turmin sama yawanci saiwa uku gare shi, kuma suna kusa da wani kogon iska da ke cikin ƙashin kumatu. Wanda bai ɗauki hoto ba zai iya karya saiwa ya bar ta, ko ya huda kogon. Ga haɗarin ciwon hanta da sauran cututtukan jini daga ƙarfen da ba a dafa ba. A asibiti allura sau ɗaya ake amfani da ita a yar, ƙarafan kuma a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 ko 134 ake gasa su, kina da damar cewa a buɗe kayan a gabanki. Kanumfarin da kike sawa yana da wani mai da yake ɗan kashe zafi, mu ma akwai shi a wasu kayan aikinmu, amma ba ya warkarwa. Asfirin a kan dasashi, ruwan batir, fetur ko turare kuwa ƙone nama kawai suke yi.

Idan kin gwada duk wannan kika ga ko zaman dubawar ya gagara, jiki yana karkarwa, kuka ya ƙi tsayawa, to tsoron ya kai matakin da ake haɗawa da magani. Likita yana iya rubuta miki ƙwayar kwantar da hankali ki sha kafin aikin, wasu wuraren suna da iskar da ake shaƙa ta hanci ko maganin da ake sawa ta jijiya, ki kasance a farke amma a sake. Ba kowane asibiti yake da su ba, sai an tambaya. Sa barci gaba ɗaya shi ne mataki na ƙarshe, ba a fara da shi saboda haƙori guda. Kada dai ki sha tiramol ko maganin barci da kanki ki zo ba ki faɗa ba, yana iya karo da abin da za a ba ki. Haka nan ki sanar idan kina da ciki, hawan jini, ciwon sukari, sikila, gyambon ciki, ko kina shan maganin tsinka jini. Ciki ba ya hana allurar kashe zafi, an dai fi son a yi aikin da ba na gaggawa ba a watanni na 4 zuwa na 6.

Idan cirewar aka yi, za a sa miki auduga ki cije kamar rabin awa zuwa minti 45. A ranar kada ki kurkure baki, kada ki riƙa tofarwa ko tsotsar wurin, kada ki sha abu mai zafi, saboda gudan jinin da ya taru a ramin shi ne mafarin warkewa. Ɗan ja a cikin yawu ba zubar jini ba ne. Leɓe da kumatu za su yi nauyi na awa 2 zuwa 4, ki kula kada ki cije su. Ki sha maganin rage zafin da aka rubuta miki kafin allurar ta gama saki, ba sai ciwon ya taso ba. Bayan awa 24 sai ki fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri bayan kowane cin abinci. Ciwo ya kamata ya riƙa raguwa kullum. Idan ya ragu sannan a rana ta 3 ko ta 4 ya dawo da ƙarfi, yana harbawa zuwa kunne, baki yana wari, gudan jinin ne ya fita ƙashi ya bayyana. Kada ki zauna kina jinya a gida don tsoron za a sake wani aiki. Ramin kawai za a wanke a sa magani a ciki, yawanci cikin ɗan lokaci zafin yake faɗawa.

Ki nuna wa maigidan wannan amsar, ku sa ranar dubawar a cikin makon nan tun ƙurjin yana zubarwa. Allah ya ba ki lafiya.